Suna Ko Mutuncin Sana'a: Tsaka Mai Wuyar Da Masu Haɗa Kiɗa Ke Ciki

A zamanin da, idan yaro ya ce yana sha'awar kiɗa, abin da za a yi masa shi ne a kai shi wurin wani makaɗi, ya riƙa ɗaukar masa kalangu, ya yi shekara da shekaru yana amshi, kafin a yarda ya buɗe baki ya yi waƙar kansa. Yau kuwa al'amarin ya sake. Saurayi zai sami kwamfuta da fiyano da ɗan ɗaki, ya liƙa soso a bango, shi ke nan ya buɗe sitidiyo, ana ce masa furodusa, watau mai haɗa kiɗa. In ka tambaye shi burinsa, zai ce maka so yake ya zama kamar Don Jazzy, wanda ya kafa kamfanin Mavin a Ikko cikin 2012, har babban kamfanin nan na duniya, Universal, ya sayi kaso mafi tsoka a cikinsa a 2024.

Buri ba laifi ba ne. Amma akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu wannan sana'a, kuma ya kamata samarinmu su san da ita tun kafin su yi nisa. Idan kasuwa ta ce ga irin kiɗan da take so, waƙa kuma ta ce ga irin wanda ya dace da ita, to wa mai haɗa kiɗa zai bi?

Mene Ne Aikin Furodusa?

Mai karatu, kafin mu shiga zancen sai mu fahimci aikin mutumin nan. Shi ne ke tsaye tsakanin mawaƙi da mai sauraro. Shi ke zaɓen abin kiɗan da za a ji da wanda za a danne, shi ke yanke tsawon waƙa, shi ke cewa a maimaita wannan baiti a yar da wancan. Mawaƙi ya yi waƙarsa ya tafi gida, amma abin da zai isa kunnen jama'a sai wanda ya bi ta hannun furodusa. Ashe kuwa amana ce babba. Ga shi kuma kamfani ko mai kuɗin da ya ɗauki nauyin aikin yana tsaye a kansa, shi ba ruwansa da daɗin karin waƙa, abin da ya dame shi shi ne jarinsa ya dawo da riba.

Ƙasar nan tamu ta ga yadda wannan ja-in-ja take ƙarewa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Labarin Sunny Ade Da Kamfanin Island

A watan Mayu na 1981 Bob Marley ya rasu. Kamfanin Island na Ingila, wanda Chris Blackwell ya kafa, shi ne ya baza waƙoƙin Marley a duniya, saboda haka ya shiga neman wani mawaƙi wanda zai cike wannan gurbi. Idonsu ya faɗa kan King Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na ƙasar Yarbawa, wanda a lokacin ya riga ya yi suna a gida, yana da ƙungiyar makaɗa wajen mutum ashirin. Aka damƙa aikin a hannun wani saurayi Bafaranshe mai suna Martin Meissonnier, wanda ya taɓa aiki da Fela.

Matsalar da ta fara fuskantarsa ita ce ta tsawo. Kiɗan juju kiɗan biki ne, ana kwana ana yinsa, waƙa tana shiga cikin waƙa ba tsayawa, mawaƙi yana wasa manyan mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. A faifan gida, fuska guda takan ɗauki kusan minti ashirin ba yankewa. Gidajen rediyon Turai kuwa ba su san wannan ba, su waƙar minti uku ko huɗu suka saba sakawa. Sai aka rarraba kiɗan aka mai da shi waƙoƙi dabam dabam, aka kuma ƙara masa wasu sautuka na na'ura. Aka ɗauki aikin a Lome ta ƙasar Togo, aka fitar da faifan Juju Music a 1982.

Gaskiya ɗaya ce, faifan ya yi kyau, kuma har gobe ana yabonsa. Na biyu, Synchro System, ya fito a 1983, shi ne ma ya sa Sunny Ade ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar lambar Grammy ta Amurka. Amma kamfani bai ga irin cinikin da ya yi tsammani ba. A faifai na uku, Aura, na 1984, aka ƙara matsawa wajen ɗanɗanon Turawa, har aka gayyato Stevie Wonder ya yi busa a ciki. Duk da haka kasuwa ba ta buɗe ba. Ga ɗawainiyar yawo da ƙungiya mai yawan jama'a, ga waƙoƙi cikin Yarbanci wanda mai saye bai ji. Daga nan aka raba gari.

Abin lura a nan shi ne, duk tsawon shekarun nan Sunny Ade bai daina buga faifai irin na gida ba a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa. Da Turawa suka sake shi, sai ya tarar mutanensa suna nan suna jiransa. Da a ce ya rushe gidansa don ya ga hadari a Turai, da ya yi biyu babu.

Abin Da Aka Yi Wa Fela Yana Kurkuku

Labari na biyu ya fi wannan ɗaci. Fela Anikulapo Kuti mutum ne wanda bai yarda a gaya masa tsawon waƙarsa ba. Waƙa guda takan cinye fuskar faifai, wani lokaci ma fuska biyu, kuma sai an daɗe ana kiɗa da busa kafin ya buɗe baki. Bugu da ƙari, in ya riga ya buga waƙa a faifai, ba ya komawa ya rera ta a dandali, alhali kuwa abin da 'yan kasuwar kiɗa suka fi so ke nan.

A watan Satumba na 1984 aka kama shi a filin jirgin sama na Ikko yana shirin tafiya Amurka, bisa zargin fita da kuɗin ƙasashen waje, aka yanke masa ɗaurin shekara 5. Yana tsare sai aka miƙa wani aikinsa da bai fito ba, Army Arrangement, ga wani furodusa Ba'amurke mai suna Bill Laswell. Shi Laswell gwani ne, ba mai musun haka. Ya sake haɗa kiɗan yadda yake ganin zai shiga kunnen mutanen New York, ya sa wasu makaɗa na waje irin su Sly Dunbar da Bernie Worrell suka yi ƙari a kai, faifan ya fito a 1985. Da aka sako Fela a watan Afrilu na 1986 bai ɓoye ɓacin ransa ba. Daga baya aka fitar da aikin yadda mai shi ya yi shi tun asali, kuma shi ne masoyan Fela suka riƙe.

Darasin da ke nan a fili yake. Gwaninta dabam, amana dabam. Mutum yana iya zama ya fi kowa iya juya na'ura, amma in ya taɓa aikin wani ba da yardarsa ba, ya zama kamar telan da aka kai wa babbar riga ya yi mata aiki, ya yanke ta ya ɗinka kwat don ita ake yayi.

Waɗanda Suka Riƙe Amana

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya nemi kasuwar duniya sai ya sayar da mutuncinsa. Dubi Ali Farka Toure na ƙasar Mali. A 1994 ya yi faifan Talking Timbuktu tare da Ry Cooder, Ba'amurke, wanda ya zauna a gefe ya bi kiɗan Ali maimakon ya ja shi zuwa nasa, kuma faifan ya ci lambar Grammy. Bayan wannan nasara Ali ya koma gonarsa a garin Niafunke. Da Nick Gold na kamfanin World Circuit ya so sabon faifai, sai ya kwashi na'urorinsa ya bi shi har can bakin kogin Kwara, aka yi aikin a garin, ya fito a 1999 da sunan garin. Furodusa ya je wurin waƙa, ba a jawo waƙa wurin furodusa ba.

Haka kuma samarin da ke ambaton Quincy Jones, wanda ya haɗa wa Michael Jackson faifan Thriller a 1982, ya kamata su tuna cewa a lokacin yana da shekara 49. Kafin nan ya yi shekaru yana busa ƙaho, ya je Faransa ya yi karatun kiɗa, ya tsara wa manya irin su Count Basie da Frank Sinatra kiɗa. Sunan da ya yi daga baya, ribar noman shekara talatin ce. Sai an sha wuya akan sha daɗi.

Mu Dawo Gida

To, ina ruwan Bahaushe da wannan zance? Ruwansa har tsaki. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da fiyano irin ta Yamaha ta shiga ɗakunan haɗa kiɗa na Kano, waƙar finafinai ta mamaye kasuwa, kuma mutum ɗaya da yatsunsa goma ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa sukutum. An sami sauƙi, an sami aikin yi ga dubban samari, an kuma sami waƙoƙi masu daɗi waɗanda ba za a raina ba. Amma an yi hasara wadda ba kowa ya lura da ita ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya su ke bambanta ma'anar kalma. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka daidai da maganar mawaƙi. Shi ya sa in ka saurari Alhaji Mamman Shata za ka ji kamar shi da makaɗansa taɗi suke yi. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, haka ƙwaryar Barmani Coge. Kiɗan da aka ɗaura a na'ura kuwa bugu ɗaya yake maimaitawa, bai san mawaƙi ya ja numfashi ba, bai san ya kawo wata magana mai nauyi wadda ke bukatar a dakata mata ba. Mawaƙi ne ke bin na'ura. Daɗin daɗawa, ga na'urar gyaran murya wadda ke sa muryar kowa ta zama iri ɗaya, har ka kasa bambanta wane da wane.

Wani zai ce, ai su ma makaɗan da don kuɗi suke yi, sarakuna da attajirai suke wasawa. Haka ne. Roƙo sana'a ce, ba wanda ya ce mawaƙi ya kwana da yunwa. Amma Shata ya yi wa masu kuɗi waƙa ba tare da ya sake kalangunsa don ya faranta musu ba, su ne suka zo suka same shi a inda yake. Wannan tsayuwa ita ta sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ita ta sa kuma ya rasu tun 1999 amma har yau ana jin muryarsa a tasha da kasuwa da gidajen rediyo. Waƙoƙi nawa aka yi yayi bara waɗanda bana ba mai tuna su?

Matsin da ke kan mai haɗa kiɗa na yau ya ma fi na zamanin faifai. Kamfanin Spotify ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, saboda haka kowa na gaggawar zuba duk abin da yake da shi tun a farkon waƙa. A TikTok kuwa ɗan guntun da za a yi rawa da shi ake nema. Idan wani kiɗa ya karɓu yau, gobe mutum hamsin sun kwaikwaye shi. Furodusa kuma ya sa a ambaci sunansa a bakin kowace waƙa, don kada a manta da shi.

Shawara Ga Mai Shirin Shiga

Wanda ke son wannan sana'a, abu na farko ya koyi wani abin kiɗa da hannunsa, ko kalangu ko gurmi ko garaya ko jita, ya zauna da tsofaffin makaɗa tun suna raye. Na biyu, ya tambayi kansa a kan kowane aiki, shin wannan ƙari da zan yi, waƙar ce ke bukatarsa ko kuwa ni ke son a ji ni? Na uku, kada ya taɓa aikin mawaƙi sai da saninsa da yardarsa. Na huɗu, a rubuta yarjejeniya a takarda, a san wa ke da me, gama an sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan a 2023, kuma doka ba ta taimakon wanda ya yi ciniki da fatar baki. Na biyar, in zai yi aikin kasuwa don ya ci abinci, to ya yi, amma ya ware wani aiki wanda zai yi tsakaninsa da Allah, wanda ba zai ji kunyar 'ya'yansa su saurara ba.

Suna abu ne mai daɗi, ba wanda ba ya so. Sai dai sunan da yayi ya kawo, yayi ne zai tafi da shi, wanda kuwa aiki ya kawo yakan daɗe bayan mai shi. Allah ya ba samarinmu haƙurin koyo, ya kuma sa su riƙe amanar da mawaƙa da masu sauraro suka damƙa musu, amin.