Labarin Kurkukun Da Aka Kulle Rabin Mutanen Barƙa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, abin da aka sani tun kaka da kakanni shi ne, gidan yari na mai laifi ne. Sai an kai mutum gaban alƙali, an ji shaidu, an yanke masa hukunci, sa'an nan dogari ya tasa ƙeyarsa. Amma a zamanin yaƙe-yaƙen Turawa an ƙago wani irin kurkuku dabam, wanda ba a tambayar mai shigarsa abin da ya aikata, sai dai a dubi ƙabilarsa. Irinsa ne mutanen Italiya suka kafa wa Larabawan Barƙa, watau gabashin ƙasar Libiya, daga 1930 zuwa 1933.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga fataken Hausa. Tun dā ayarin Larabawan Gadamus da na Turabulus suna sauka Kano da Damagaram, suna sayen kirgi da gashin jimina da hauren giwa. Daga Bingazi kuma akwai hanyar da ta bi ta Kufra ta faɗa Wadai. A kan wannan hanya ce ɗariƙar Sanusiyya ta jera zawiyoyinta, tun daga ta farko da Shaihu Muhammadu ɗan Ali Sanusi ya gina a Baida cikin 1843. Zawiya kuwa makarantar allo ce, masaukin baƙi ce, nan ake sulhunta ƙabilu, nan ayari yakan sha ruwa ya huta.

Italiya ta auka wa Libiya a watan Oktoba na 1911, ta kama biranen bakin teku, amma ƙauyuka da jeji suka gagare ta. Da Musolini ya karɓi mulki a 1922, sai ya ce lalle a gama da su. Wanda ya tsaya musu a gaba cikin duwatsun Jabalul Ahdar shi ne Shaihu Umar Muhtar, malamin Alƙur'ani, wanda ya taɓa riƙe zawiyar Ain Galaka a arewacin Cadi. Mayaƙansa ba su da yawa, ga Italiya kuwa da jiragen sama da motocin yaƙi, amma shekara takwas tana fama da shi ba ta ci nasara ba. Asirin abin shi ne jama'a. Makiyayan da ke gaishe da hakimin Bature da rana, su ne ke fitar da ushiri su aika wa mayaƙa da dare. Fatake kuma suna kora dabbobi zuwa Masar, su komo da hatsi da shayi da sukari da harsashi.

Da Badoliyo, gwamnan Libiya, da mataimakinsa Janar Giraziyani suka gane haka, sai suka sake shawara. A watan Yuni na 1930 Badoliyo ya rubuta wa Giraziyani cewa dole a raba masu yaƙi da sauran talakawa da tazara mai nisa, ko da hakan zai halaka mutanen Barƙa duka. Suka bi ta hanya uku. Ta farko, aka rufe zawiyoyin Sanusiyya in ban da ta Jagabub, aka ƙwace gonakinsu da dukiyar waƙafi, aka kama shaihunansu wajen 30, aka tsallaka da su wani tsibiri mai suna Ustika. Ta biyu, cikin 1931 aka shimfiɗa shingen waya mai ƙaya, tsawon mil 170, daga bakin teku har Jagabub, don kada ayari ya sake ƙetarawa Masar. A farkon shekarar kuma aka ci Kufra da yaƙi. Ta uku ita ce mafi muni: aka tashi makiyaya wajen 100,000, kusan rabin mutanen Barƙa ke nan, maza da mata, tsoho da jinjiri, aka kora su da ƙafa zuwa fako na bakin teku. Waɗansu na ƙabilar Ubaidat sun taka fiye da mil 600. Wanda ya gaza a hanya, harbe shi akan yi.

Sansanonin sun kai wajen 15. Manyansu su ne Suluk da Magarun da Buraiƙa da Agaila. Kowanne fili ne da aka kewaye da waya, aka jera tantuna sahu-sahu, masu gadi suna tsaye a ƙofa, ba mai fita sai da izini. Suluk kaɗai an tara mutum kamar 20,000. Agaila kuwa ita aka keɓe don azabtar da dangin mayaƙa. A can akan tara mutane su kalli bulala da rataya, akan kuma fitar da su aikin tilas. Wani malami mawaƙi, Rajab Buhuwaish na ƙabilar Minifa, ya tsara waƙa a kan wahalar Agaila yana tsare a cikinta, mutanen Libiya kuwa suka hardace ta baki da baki.

Makiyayi ba shi da abinci sai daga dabbarsa, ga shi ba ciyawa a bakin waya. Tumaki da awaki da raƙuma suka yi ta mutuwa, har aka rasa fiye da kashi takwas cikin goma na dabbobin ƙasar. Yunwa ta shiga, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya biyo baya. Masu tarihi sun ƙiyasta waɗanda suka mutu ba su kasa 40,000 ba, malaman Libiya kuwa suna cewa sun kai 60,000 ko fiye. Ba ɗaya daga cikin matan nan da yaran nan da aka taɓa karanta wa laifinsa.

Wanda ma aka kai gaban shari'a, sunanta kawai ya ji. Giraziyani ya kafa kotun soja da ake ɗauka a jirgin sama daga wuri zuwa wuri, ta yanke hukunci nan take a zartar. Ran 11 ga Satumba 1931 aka kama Shaihu Umar, bayan an harbe dokinsa. Ran 15 aka yi masa shari'a a Bingazi cikin yini guda. Kashegari aka rataye shi a Suluk, yana da shekara fiye da 70, aka tilasta wa fursunoni wajen 20,000 su tsaya su gani.

Da aka buɗe sansanonin, waɗanda suka tsira ba su sami ƙasarsu yadda suka bar ta ba. Wurare masu ni'ima na Jabalul Ahdar an keɓe su ga manoman Italiya, kuma a 1938 aka sauke baƙi 20,000 a Libiya a tafiya guda, aka ba su gidaje da gonaki. Ɗan ƙasa kuwa matsayinsa a doka yana ƙarƙashin na baƙon. Abin mamaki, a 1937 Musolini ya zo Turabulus, ya hau doki, ya ɗaga wani takobi da aka kira takobin Musulunci, wai shi ne mai kare Musulmi.

Mulkin nan bai daɗe ba. Yaƙin duniya na biyu ya fitar da Italiya daga Libiya a 1943, ran 24 ga Disamba 1951 kuma ƙasar ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Sarki Idris, jikan Shaihu Sanusi. Giraziyani ya mutu a 1955, ba a taɓa tuhumarsa a kotu da abin da ya yi a Barƙa ba. Sai a 2008, a birnin Bingazi, Firayim Ministan Italiya ya nemi gafara, aka sa hannu a kan yarjejeniyar biyan dala miliyan dubu biyar cikin shekara ashirin.

Allah ya jiƙan Shaihu Umar da waɗanda suka kwanta dama a bayan waya, ya tsare bayinsa daga hukuncin da ba shaidu, amin.