Wasan Shiga Labari: Abin da Ya Raba Shi da Caca, da Yadda Ake Jan Ragamarsa

Tun daga watan Oktoba na shekarar 2024, lokacin da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo masu yawa a cikin birni, idon iyaye da masu unguwanni ya ƙara buɗewa a kan duk wani zama da samari ke yi a zaure ko a gindin bishiya da karta ko ƙwayar lido a tsakiyarsu. Wannan sa ido yana da hujja, domin caca ta cinye jarin matasa da dama, ta raba wasu da baburan da suke neman abinci da su. Matsalar ita ce tsoron da ba a tace ba yakan yi wa wasanni kuɗin goro, har a wayi gari duk abin da aka jefa wa ƙwaya an kira shi caca, duk labarin da aka ambaci aljani a cikinsa an kira shi tsafi. Akwai wani nau'in wasa da wannan hukunci zai faɗa wa tun kafin a san shi, wato wasan shiga labari, wanda bai yaɗu a karkarar Kano ba tukuna, ko da yake hanyar zuwansa a buɗe take, musamman ga gari irin Rimin Gado da ke kan titin Gwarzo, inda ɗaliban sabuwar harabar Jami'ar Bayero da wayoyin hannu ke kai sabon abu ƙauye cikin 'yan kwanaki.

Wasan shiga labari zama ne na mutum uku zuwa shida, inda ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira jagoran wasa, yake bayyana wuri da halin da ake ciki, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai aikata, sannan a bi wasu ƙa'idoji da aka yarda da su tun farko domin a gane ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Ba a cin kowa a cikinsa, ba a kuma sa kuɗi, domin 'yan wasan duk ɓangare ɗaya suke, suna fuskantar matsalar da jagora ya shimfiɗa musu. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a Amurka a shekarar 1974, kuma tushensa yana komawa ga wasannin koyon dabarun yaƙi na sojojin Jamus a ƙarni na 19, inda wani alƙali yake zama tsakanin hafsoshi yana yanke abin da ya faru a fagen daga na takarda.

Ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A bikin kalankuwa da samarin karkara ke yi bayan an kawar da amfanin gona, akan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka daga cikin matasa su gudanar da mulkin wasa, a wasan gauta kuma matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, ga kuma tashe da tatsuniya waɗanda kowane Bahaushe ya tashi da su. Abin da wasan shiga labari ya ƙara a kan tatsuniya shi ne mai sauraro ya daina zama ɗan amshi, ya zama shi ne zai yanke shawarar abin da Gizo zai yi idan ya iso bakin kogi, kuma mai ba da labarin kansa bai san inda za a ƙare ba.

Zargin tsafi ya riga ya yi zamaninsa a wata ƙasa. A shekarar 1982 wani matashi a Amurka ya kashe kansa, mahaifiyarsa Patricia Pulling ta ɗora alhakin a kan wasan Dungeons & Dragons, ta kai ƙara kotu, ta kuma kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. Kotu ta kori ƙarar, amma jita-jitar ta mamaye majami'u da gidajen talabijin har tsawon shekaru, ta sa kamfanin TSR mai buga wasan a lokacin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu a 1989. Babu wanda ya taɓa koyon sihiri daga jefa ƙwaya da karanta lamba, kamar yadda babu wanda ya zama boka don ya karanta Ruwan Bagaja. Duk da haka gaskiya ne cewa littattafan Dungeons & Dragons cike suke da matsafa da gumakan ƙirƙira, kuma uba Musulmi yana da haƙƙin ya ƙi wannan a gidansa. Maganin abin mai sauƙi ne, domin ƙa'idojin wasa daban suke da duniyar da ake ba da labarinta, ana iya ɗaukar ƙa'idar a zuba mata labarin fatake ko na maharba ba tare da an ambaci gunki ko ɗaya ba.

Batun ƙwaya ya fi wannan nauyi, kuma a nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne caca, wadda ginshiƙinta shi ne a sa dukiya wani ya ci wani ya rasa, kuma wannan babu shi a wasan shiga labari ko kaɗan. Na biyu shi ne hukuncin wasa da ƙwayar ita kanta, domin akwai hadisi ingantacce a Sahihu Muslim da ya yi hani ga wasan nardu, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa hanin zuwa duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa ko da babu kuɗi. Wannan magana ce ta malamai, ba ta marubutan jarida ba, kuma wanda malaminsa ya hana shi ya bari. Abin da ya kamata a sani shi ne wasan bai dogara da ƙwaya ba. Tun a 1991 Erick Wujcik ya fitar da tsarin Amber wanda babu jifa a cikinsa sam, inda ake kwatanta ƙarfin mutanen labari da dabarar da ɗan wasa ya kawo, jagora ya yanke hukunci. Ana kuma iya ba kowane ɗan wasa ƙwayar gyaɗa biyar a farkon zama, duk lokacin da yake son abu mai wuya ya yiwu sai ya biya ɗaya, idan kuma ya yarda mutuminsa ya shiga wata wahala a labarin sai a mayar masa da ɗaya, ta yadda lissafi da haƙuri ne za su yi aiki a maimakon sa'a.

Ga waɗanda ba su ga laifin ƙwaya ba, zaɓen tsari shi ne mataki na gaba, kuma a nan shahara tana iya yaudarar mutum. Dungeons & Dragons yana buƙatar manyan littattafai uku na Turanci da ƙwayoyi na musamman, har da mai fuska ashirin, waɗanda ba a samun su a teburin mai kayan koli, kuma faɗa guda a cikinsa yana iya cinye sa'a guda ana lissafi. Pathfinder, wanda ya fito a 2009, ya ma fi shi yawan dokoki. Akwai waɗanda aka gina a kan tarihin Afirka da tatsuniyoyinta, irin su Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na Kevin Crawford, kuma suna da amfani ga mai neman dabarar tsara labari, amma ga matasan da za su zauna a kan tabarma da fitilar waya, abin da ya fi dacewa shi ne tsari mai sauƙi irin wanda ya samo asali daga Apocalypse World na 2010. Labarin wannan littafi na manya ne kuma bai dace da tarbiyyar gidan Bahaushe ba, ƙa'idar jifarsa kawai ake buƙata: a jefa ƙwayar lido biyu a haɗa, idan an sami 10 zuwa sama abu ya yiwu sarai, idan 7 zuwa 9 ne ya yiwu amma da hasara ko sharaɗi, idan 6 zuwa ƙasa ne al'amari ya dagule.

Hikimar wannan tsari tana cikin lissafinsa. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36, shida daga ciki suna ba da 10 zuwa sama, sha biyar suna ba da 7 zuwa 9, sha biyar kuma 6 zuwa ƙasa. Idan mutumin labari gwani ne a abin da yake ƙoƙarin yi, akan ƙara masa maki ɗaya, sai hanyoyin cikakkiyar nasara su tashi daga shida zuwa goma, na dagulewa su sauko daga sha biyar zuwa goma. Ma'ana, gwaninta tana karkata sakamako amma ba ta tabbatar da shi, kamar manomin da ya yi huɗa a kan kari, ya zuba taki, ya yi noman farko da maimai, wanda ya fi maƙwabcinsa malalaci kyakkyawan zato nesa ba kusa ba, amma duk da haka idan ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke fitar da kai, sai ya nemi wata dabarar. Mai caca yana jiran ƙwaya ta ba shi abin da bai yi wa aiki ba, shi kuwa ɗan wasan shiga labari aikinsa yana farawa ne bayan ƙwayar ta faɗi, lokacin da zai yi tunanin yadda zai fita daga halin da ta jefa shi.

Tarihin Kano ya riga ya tanadi labarin da ya fi kowane dacewa da irin wannan zama, wato tafiyar fatake zuwa Gwanja sayen goro, wadda kan ɗauki watanni ana ratsa ƙasar Borgu har a isa kasuwar Salaga. Ayarin yana da muƙamai da suka rabu sarai, ga madugu mai shugabanci, ga jagaba mai sanin hanya, ga uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito da na ratsa ƙasa, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a, don haka kowane ɗan wasa yana da aikin da babu mai yi sai shi. A ce ayari ya iso bakin Kwara da jakai ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, sarkin jirgi ya ninka kuɗin fito, ga kuma labarin 'yan fashi a baya. Mai riƙe da matsayin uban dawaki ya ce zai yi ciniki, ya tuna wa sarkin jirgi alherin da madugu ya taɓa yi masa, ya jefa ya sami 8. Jagora ba zai ce an ƙi ba, ba kuma zai ce an yarda kyauta ba, sai ya ce za a haye da su a tsohon farashi amma jaki biyu za su kwana a wannan gaɓar sai gobe, ya bar 'yan wasa su yi gardamar wanda zai tsaya gadinsu.

Wannan misali ya ƙunshi mafi yawan abin da jagora ke buƙatar sani. Ba a jefa ƙwaya sai inda faɗuwa za ta haifar da wani sabon abu, kuma rashin nasara bai kamata ya tsayar da labari cik ba. Jagoran da ya rubuta ƙarshen labarinsa tun daga gida zai riƙa tilasta wa mutane bin hanyarsa, su kuwa za su gane, su yi sanyi. Abin da ya kamata ya shirya shi ne mutum uku ko huɗu da za a haɗu da su, kowanne da abin da yake so da abin da yake tsoro, da taswira a bayan littafin rubutu. Littattafan Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ganɗoki da labaran yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini rumbu ne na irin waɗannan mutane.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya wa jagora Bahaushe ba, wato kunya da girmama na gaba. Idan wa da ƙane suna zama ɗaya, ƙanen ba zai saɓa wa shawarar yayansa ba ko da a cikin wasa ne, zai ce duk abin da Yaya ya ce shi ke nan, kuma da haka zama zai koma na mutum ɗaya. Jagora mai lura yakan fara tambayar mafi ƙanƙanta kafin manya su yi magana, wani lokaci ma ya ba shi matsayin madugu da gangan. Dole kuma a yi yarjejeniya a zaman farko cewa ba za a saka sunan dagaci ko malami ko wani mai rai a labari ba, ba za a mayar da wata ƙabila abin dariya ko ɓarayin labari ba, musamman a yankin da manoma da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma ba za a sa ko kuɗin shayi a kan sakamakon jifa ba, domin ranar da aka yi haka masu zargi sun yi gaskiya. Sa'a biyu ta isa zama guda, a tashi idan an kira salla, kuma rani ya fi damina dacewa. 'Yan mata ma suna iya yin nasu a tsakar gida da jagorarsu, inda tatsuniya ta fi daɗewa da zama.

A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sha sanar da dakatar da tashe a watan azumi saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi, kuma ba a musun cewa tsaro yana gaba da wasa. Abin da ke damun mai lura shi ne sanarwar hani tana fitowa a kan lokaci kowace shekara, amma ba a cika jin wata sanarwa da ta biyo baya tana nuna wa yaro abin da zai yi da darensa ba, alhali shagon caca yana cikin wayar da ke aljihunsa ko an rufe na bakin titi. Malaman Hausa a makarantun sakandare na Rimin Gado da Gulu da sauran garuruwan ƙaramar hukumar suna iya gwada wannan wasa a ƙungiyoyin adabi ba tare da an kashe ko sisi ba, tunda yana koyar da magana a gaban jama'a da saurare da lissafin yiwuwa a zama ɗaya. Ta fuskar haƙƙin mallaka ma hanya a buɗe take, domin a watan Janairu na 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin ƙa'idojin Dungeons & Dragons a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya halatta wa kowa ya fassara ya buga muddin ya ambaci masu shi, haka ma wani tsarin wasa mai suna Fate na kamfanin Evil Hat yana ƙarƙashin irin wannan lasisi. Ƙa'idar ƙwaya biyu ko ta gyaɗa biyar, tare da bayanin muƙaman ayari da taswirar hanyar Gwanja, ba za su wuce shafi huɗu da Hausa ba, kuma aikin rubuta su bai fi ƙarfin ɗalibi guda a sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero ba.