Dogon Hutu Ya Gabato: A Bar 'Yan Mata Su Ma Su Koyi Sarrafa Kwamfuta

 Ga shi damina ta kankama, makarantu kuma suna gab da rufewa domin dogon hutu, wanda a yawancin jihohinmu yakan kama daga ƙarshen watan Yuli har cikin Satumba. Watau wajen mako shida ke nan ko fiye yara za su yi a gida. Na san tun yanzu kowace uwargida ta riga ta yanka wa 'yarta aiki a zuci: ga wanke-wanke, ga reno, ga aike, wata ma har da farantin talla. Ba na cewa kada yarinya ta yi aikin gida, domin wadda ba ta koya a ɗakin uwarta ba, ina za ta koya? Abin da nake roƙo shi ne a gutsura mata sa'a biyu a cikin yini.

Dalilin wannan roƙo kuwa, a hutun bara na je gidan wata 'yar uwata, na tarar an biya wa ɗanta namiji kuɗin lesin na kwamfuta, kullum da safe sai ya saɓa jakarsa ya fita. Yayarsa kuwa, wadda take aji uku na ƙaramar sakandare, wadda kuma kowa a gidan ya san ta fi shi kai wajen lissafi, tana bakin rijiya da tulin kwanuka. Da na tambaya, sai uwar ta ce mini, "Haba Yaya, ita mace me za ta yi da wannan? Ai da lokaci." To, lokacin ne babu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, sai a kan kwamfuta, bayan ta fara gwada hakan a 2013. Ita ma hukumar WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa don kansu a kan kwamfuta a 2024. Yarinyar da take aji uku yau, nan da shekara uku za a zaunar da ita gaban wannan na'ura, agogo yana tafiya, gabanta yana faɗuwa. Idan a ranar ce hannunta zai fara taɓa madannai, ashe an cuce ta tun daga gida.

Amma fa ba kowane wurin da aka rataya allo aka rubuta "koyon kwamfuta" ake koyon wani abu ba. Ni da kaina an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na biya wa wata 'yar riƙona kuɗin mako huɗu a wani shago a unguwarmu. Ran nan na ce bari in leƙa, sai na tarar da yara cike da ɗaki, kwamfuta uku kacal, ɗaya ma ta mutu an lulluɓe ta da tsumma. Malamin yana rubuta sunayen sassan kwamfuta a kan allo, yara suna kwafa a littafi kamar darasin tarihi. Da aka gama aka ba ta takardar shaida mai ado da ruwan zinariya. Na ce ta nuna mini abin da ta iya, sai ta karanto mini sunayen nan tiryan-tiryan, shi ke nan.

Saboda haka ya kamata mu rarrabe abu biyu. Akwai iya amfani da kwamfuta, watau buga rubutu kamar yadda akawu yake yi da tafireta a da, da buɗe takarda da adana ta. Wannan yana da amfani, kuma shi ne zai fisshe ta ranar jarrabawa, amma yarinya mai kai cikin mako guda za ta kama shi. Sa'an nan akwai ilmin kwamfuta na ainihi, watau iya tsara mata umarni daki-daki har ta yi abin da kike so. Wannan shi ne wanda ya cancanci a ba shi dogon hutu, kuma shekarun da suka fi dacewa da fara shi su ne daga 11 zuwa 14, lokacin da yarinya ta iya karatu da lissafi sosai, amma nauyin jarrabawar babbar sakandare bai hau kanta ba tukuna.

Kada kalmar ilmin kwamfuta ta firgita ki, uwargida, domin kullum kina yin irinsa a madafa. Ki ɗauka za ki koya wa wata baƙuwa tuƙa tuwo, wadda ba ta taɓa ganin murhu ba, kuma ba za ta yi kome ba sai abin da kika faɗa da bakinki. Za ki ce ta ɗora ruwa. Idan ya tafasa ta yi talge, idan bai tafasa ba ta jira. Idan talgen ya dahu ta riƙa zuba gari tana tuƙawa da muciya, ta yi ta maimaitawa har sai ya yi kauri babu gudaji. Ta rufe ya sulala, kana ta kwashe da mara. To, a cikin wannan bayani naki akwai ginshiƙai uku da duk wata manhajar kwamfuta ta duniya take tsaye a kansu: jera aiki bi da bi, da sharaɗi na "idan kaza ya faru a yi kaza", da maimaitawa har sai an kai ga abin da ake nema. In kin manta ba ki ce ta hura wuta ba, baƙuwar nan za ta zauna gaban tukunyar ruwan sanyi har magariba. Haka kwamfuta take, ba ta da wayon kanta ko na anini. Irin wannan jeren umarni shi ake kira algoridim, kuma sunan ya samo asali ne daga Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wani masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9.

Masu ɗinkin hula da saƙa ma su matso, don da su a cikin labarin. A shekarar 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya ƙera masaƙa a birnin Liyon, wadda take fitar da zane a jikin yadi ta hanyar bin wasu kwalaye masu huji: inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta. Daga nan ne wani Baturen Ingila, Charles Babbage, ya ari dabarar domin injin lissafin da ya zana, ko da yake bai samu ya ƙera shi ba har ya mutu. Wadda kuwa ta rubuta jeren umarnin da injin zai bi, aka buga a 1843, mace ce, Ada Lovelace, tana da shekara 27. Saboda haka mai cewa wannan ba fagen mata ba ne, bai san tarihin abin ba.

To, me za a koya wa yarinya a mako shida? Abin da aka fi fara wa yara da shi a duniya yanzu shi ne Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, kuma ana iya sauke shi a kwamfuta sau ɗaya a yi ta aiki da shi ba tare da intanet ba. Har ila yau Hausa tana cikin harsunan da aka fassara shi. In an buɗe, za a ga wata 'yar kyanwa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma umarnai ne masu launi-launi kamar tubala, sai yarinya ta jawo su ta ɗora wani kan wani. Misali ta ce wa kyanwar, ki yi taku 100 ki juya digiri 90, ki maimaita sau 4. Idan ta sa mata alƙalami, sai ga murabba'i ya fito. Ranar da ta so ta zana mai kusurwa uku, tilas ta zauna ta yi tunani nawa za ta juya, har ta gano 120 ne. Kun ga lissafin da take gudu a aji ya shigo ta bayan gida, kuma da murnarta. Kafin hutu ya ƙare, yarinya mai himma za ta iya ƙirƙiro ɗan wasa, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mai motsi da magana, ko tambayoyin kacici-kacici masu ƙirga maki.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga wasa. A watan Agusta na 2018, wasu 'yan mata biyar daga makarantar Regina Pacis da ke Onitsha a Jihar Anambra suka zo na ɗaya a rukunin ƙanana na gasar Technovation, wadda aka kammala a Amurka. Abin da suka ƙirƙiro manhajar waya ce mai suna FD-Detector, wadda ake haska zanen layukan da ke jikin kwalin magani da ita, domin a gane na gaske ne ko jabu, da kuma ranar da zai lalace. Kafin su, a 2015, wasu 'yan mata daga Kalaba sun ci rukunin manya da manhajar kwashe shara. Ku lura fa, dukansu matsalar da suke gani a unguwarsu suka ɗauka. Wace uwa ce a cikinmu ba ta taɓa sayen maganin zazzaɓi tana ɗar-ɗar ba? Wannan gasa ta 'yan mata ce zalla, shiga kyauta ne, kuma ƙungiya ba ta wuce mutum biyar tare da babba mai yi musu jagora. Ba a lokacin dogon hutu ake aikin gasar ba, amma wadda ta yi hutunta tana koyo ita ce za ta iya ɗaga hannu idan malama ta zo neman masu shiga.

Game da wuraren koyo, akwai ƙungiyar W.TEC a Legas, wadda Oreoluwa Lesi ta kafa a 2008, ta kuma yi suna wajen shirya wa 'yan matan sakandare zangon koyon fasaha a lokacin hutu. Hukumar NITDA ta gwamnatin tarayya ita ma ta sha shirya wa yara horon hutu a Abuja. A Kano kuwa cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da mata da matasa. Irin waɗannan wurare gurbinsu kaɗan ne, don haka sai a kasa kunne ga rediyo, a kuma tambayi malamin kwamfuta na makarantar yarinya tun kafin a rufe. Yawancinmu dai a ƙarshe lesin na unguwa za mu dogara da shi, kuma ba laifi, muddin kin je da ƙafarki kin gani. Ki ƙirga yara ki ƙirga kwamfutoci masu aiki; idan sun wuce biyu a kan guda, ki riƙe kuɗinki. Ki tambaya me ake yi idan an ɗauke wuta. Ki ce a nuna miki abin da ɗaliban baya suka ƙirƙiro da hannunsu, kada a nuna miki takardar shaida. Sa'an nan ki tabbata da rana ake yi, a buɗaɗɗen wuri, kuma gara ta tafi tare da ƙawa ko 'yar uwa su dawo tare. Da wannan bayani a hannunki za ki fi samun bakin yi wa mai gida magana, don yawancin maza ba koyon suke ƙi ba, rashin sanin inda yarinyar za ta ne yake sa su noƙe.

Na san akwai mai cewa, mu da ba mu da kuɗin lesin, ba mu da kwamfuta, wutar ma sai ta ga dama, ina namu? Akwai naku. Tun a shekarun 1990 wasu malamai, cikinsu har da Tim Bell na jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand, suka tsara hanyar koyar da wannan ilmi ba tare da na'ura ba, kuma makarantu da dama a duniya suna aiki da ita. Ga wasa guda mai sauƙi: ƙane ya zama na'ura, yayarsa ta ba shi umarni ya je ya ɗauko buta a tsakar gida, amma ba zai yi kome ba sai abin da ta faɗa, taku nawa, dama ko hagu. Idan ya yi karo da turmi, laifin mai umarni ne, sai ta koma ta binciko inda ta yi kuskure ta gyara. Wannan neman kuskure kuwa shi ne rabin aikin masu rubuta manhaja.

Wasa na biyu nasu ne 'yan makaranta. Ki yanka kwali gida biyar. A na farko ki yi ɗigo 16, na biyu 8, na uku 4, na huɗu 2, na ƙarshe 1, ki jera su daga hagu zuwa dama. Kowane kati ko dai a buɗe yake ko a kife. Buɗaɗɗe ki rubuta masa 1, kifaffe ki rubuta 0. Yanzu ki nemi 13. Za ki kife 16 don ya yi yawa, ki buɗe 8, ki buɗe 4, ki kife 2, ki buɗe 1. Abin da kika rubuta shi ne 01101, kuma da irin wannan ƙirga ta 0 da 1 kwamfuta da wayar hannu suke ajiye kome, har hoto da murya. Ki gwada shekarunki, ki gwada na Mama in ta yarda ta faɗa. Za ki tarar katunan nan biyar ba su iya wuce 31. To, idan aka ƙara kati na shida a hagu, ɗigo nawa za a yi masa, kuma wace ce lamba mafi girma da za a iya kaiwa? Wadda ta gano ta rubuto mana, ta kuma faɗi ajin da take.