Koken masu hulɗa: abin da guraben cikawa ke yi wa ƙorafinka

Duk wanda ya kira kamfanin talho ko ya je ofishin kuran da ƙorafi ya san tambayoyin da ake jero masa: suna, lambar talho, gari, lambar kontar. Ma'aikacin yana cike fom ne a cikin wata manhaja, wadda ke ba kowane koke lamba ta kuma bi shi har a warware. Daga cikin sanannun irin waɗannan manhajoji akwai Zendesk, da aka kafa a Danmark a 2007, da Freshdesk ta ƙasar Indiya. Suna zuwa da guraben da kowa ke bukata, sannan kowace ma'aikata ta ƙara nata, ta zaɓa wa kowane gurbi nau'insa. A wannan zaɓi ne koken mutumin ƙauye ke tsira ko ya ɓace.

Mu ɗauki Gaffati, ƙaramar hukuma a gundumar Mirriah ta jihar Damagaram. Idan gurbin gari na rubutu ne, wato ma'aikaci ya buga abin da ya ji, wani zai rubuta Gaffati, wani Gafati. Wani Mirriah, wani Mirriya. A wurin na'ura garuruwa huɗu ke nan. Ranar da shugaban sashe ya nemi adadin koken rashin rezo daga yankin, lissafin zai fito a warwatse, matsalar ta yi kama da ƙarama, gyara ya tafi wani wuri. Maganinsa gurbin zaɓi: jerin sunaye da aka shirya tun farko, a danna ɗaya kawai. Nijar na da jihohi 8 da gundumomi 63, saboda haka ana jera su hawa-hawa, jiha ta buɗe gundumominta, gunduma ta buɗe ƙananan hukumominta. Wannan gurbi kuma shi ke tura koke kai tsaye ga ma'aikatan Zinder, kada ya kwana a Yamai.

Gurbin lamba yana da tarko. Ya dace da abin da ake ƙirgawa, kamar kuɗin da aka cire maka ko kwanakin da pampo ya yi ba ruwa. Amma lambar kontar ko ta rasit ba adadi ba ce, shaida ce, kuma idan ta fara da sifiri wasu manhajoji kan share shi. Gara a sa ta a gurbin rubutu mai sharaɗi, wanda ke ƙin karɓar abin da bai cika tsari ba. Haka lambar talho: ta Nijar alƙaluma 8 ce, idan an buga 7 sai gurbin ya ƙi.

Kwanan wata ma da kalanda ya kamata a zaɓe shi, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris.

Inda aka fi cutar mutanen karkara shi ne gurbin dole. Fom da aka tsara don birni kan ce sai an sa sunan titi da lambar gida ko adireshin imel kafin a ajiye koke. Manomin da gidansa ke bayan masallacin Juma'a ba shi da ko ɗaya, sai ma'aikaci ya cike da ƙarya don fom ya wuce. A ganina, gurbin kwatance mai faɗi da sunan mai gari sun fi amfani a nan, tare da gurbin harshe, Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, domin a san wanda zai kira shi.

Yawan gurabe kuma nauyi ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai, don haka mai koke yana da damar tambayar abin da za a yi da kowane bayani da aka nema daga gare shi. Kafin ka ajiye talho, ka nemi lambar kokenka ka rubuta ta. Da ita ake gano shi idan ka sake kira.