In Bashe ta Ƙi Tashi: Batir ne ko Demarer?

A ƙasar Nijar, ƙaramar motar ɗaukar kaya da ake kira bashe ita ce jakin zamani. Ita ke kai albasar Galmi da Madawa bakin kwalta, ita ke ɗauko ƴan kasuwa daga Dakoro zuwa Maraɗi, ita ke kai allurar rigakafi ƙauyukan Tanut. Da dare kuma, in naƙuda ta yi wa mace gardama a ƙauye, sau da yawa bashen ce ke zama motar likita. Sunan ya samo asali ne daga tamfol ɗin da ke rufe bayan Peugeot 404 da 504 na da. Yau Toyota Hilux da Land Cruiser sun gaje su, amma ciwon da ke kwantar da su bai sake ba: direba ya murɗa kile, mota ta yi shiru.

Da hakan ta faru, kalmar farko da ke fitowa bakin jama'a ita ce: demarer ya mutu. Sau da yawa kuwa ƙazafi ne aka yi masa. Akwai masu motoci da suka zuba kuɗi suka sayi wani, aka ɗaura, mota ta ƙi tashi kamar jiya, don laifin yana ga kan batir da ya yi tsatsa. A ma'aikatun gwamnati abin ya fi ciwo, domin a can sai an rubuta takardar neman kaya, a jira sa hannu, mota tana zaune bisa duwatsu wata da watanni, alhali goge waya biyu ya isa.

Demarer ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir, an ɗaure shi a gindin babban inji, wajen mahaɗarsa da akwatin bitesi. Kafin a ƙago shi, da hannu ake juya inji da ƙarfen manibel, wanda ya karya hannun mutane da dama. A shekara ta 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai demarer na lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Ɗan ƙarfen nan mai haƙora da makanikai ke kira bendis kuwa, sunan wani Ba'amurke ne, Vincent Bendix, ya bi shi.

Aikinsa kamar haka ne. In aka murɗa kile, ƴar wuta kaɗan ta bi siririyar waya zuwa wani ƙaramin gwangwani da ke goye a bayan demarer, wato solenoyid. Shi kuma ya yi abu biyu a lokaci guda: ya tura bendis gaba, haƙoransa su shiga cikin haƙoran babban faifan inji, sannan ya haɗa babbar waya da ta taso daga batir. Wutar da ke bi nan ba ƙarama ba ce. Injin esansi kan ja amfer fiye da 100, na gazuwal kuwa ɗaruruwa. Shi ya sa ɗan datti ko ɗan sako-sako da ba zai hana fitila kamawa ba, zai hana demarer motsi.

Makanike na ƙwarai da kunne yake fara bincike, kafin ya taɓa kile. In an ji "kat-kat-kat" da sauri a jere, wuta ce ba ta isa ba: batir ya yi sanyi, ko kawunansa ba su kama ba. In an ji "ƙas" sau ɗaya tak sannan shiru, solenoyid ya motsa amma injin demarer bai juya ba. Nan a tuhumi tagullar da ke cikin solenoyid wadda wuta ta cinye, ko kuwa sarbon, ƙananan gawayin nan da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa. In demarer na gudu "wiii" shi kaɗai, inji bai ko girgiza ba, bendis ne ke sulɓewa. In an ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, haƙora ne suka lalace. In ko babu wata ƙara sam, fitilun allon direba kuwa suna ci, a duba fis, da makunnin kile, da siririyar wayar nan, wadda girgizar hanyar laterit kan zare ta.

Akwai gwajin da ba ya bukatar kowane kayan aiki. A kunna manyan fitilu, mutum ɗaya ya tsaya gaban mota, direba ya murɗa kile. In fitilu suka mutu ɗif, matsalar tana wajen batir ko wayoyinsa. In suka tsaya da haskensu, demarer kuwa bai motsa ba, to wutar ba ta shiga cikinsa ke nan. Bayan haka a taɓa kawunan batir da hannu: wanda ya yi zafi, nan wuta ke samun cikas. Farin garin nan da ke taruwa a kansu, ruwan ɗumi da buroshin ƙarfe ke fid da shi. Kada kuma a manta da wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji. Ita ce marainiyar wayoyi, ba mai kula da ita sai ta tsinke.

Wanda ke da ma'aunin wuta ya fi samun tabbas. Batir mai lafiya, cike, yana nuna bolt 12,6 in mota na kashe. In ya nuna 12,2, rabinsa ya tafi. Lokacin da demarer ke juyawa kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9,6 ba. In batir ya ci wannan jarrabawa, wayoyi suna da tsabta, wuta tana isa ƙaramar wayar solenoyid in an murɗa kile, amma duk da haka shiru, sai a ce laifi ya tabbata kan demarer. Saura abu guda: a tabbata babban injin kansa bai ƙage ba, ta hanyar juya shi da kile a gaba. Demarer sabo fil ba ya juya injin da ya sha ruwa ko ya ƙone don rashin mai.

Karnukan mota na da dabarar ƙwanƙwasa jikin demarer da ƙarfe, direba na murɗa kile. Takan yi aiki, domin sarbon da ya gajarce yakan ɗan matsa ya taɓa. Amma wannan rance ne, kuma a demarer na zamani masu maganaɗisu a ciki, bugu mai ƙarfi kan fasa maganaɗisun, a mai da ƙaramin gyara babba. Dabara ta biyu, ta haɗa kawunan solenoyid da turnabis, ta fi haɗari: in mota na cikin bitesi za ta zabura ta taka mai gyaran. Turi kuwa, wanda wasu direbobi suka mai da shi al'ada har suna neman gangare kafin su tsaya, yana da iyaka. Bisa kwalta tsakanin Maraɗi da Damagaram mutum huɗu sun isa. Cikin rairayin arewa, da buhuna a baya, mutum goma ma ba su gusa ta.

In sauyin ya zama dole, aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Da farko a ja birkin hannu, a sa wa ƙafafu waigi, a bar inji ya huce. Sannan a cire wayar batir mai alamar ragi, kafin kome. Babbar wayar demarer kullum da wuta take, ko kile na aljihu; kilen gyara ya taɓa ta ya taɓa jikin mota, sai tartsatsi, wani lokaci har gobara. A yi wa wayoyi alama, a kwance su, sannan a kwance bulon biyu ko uku da ke riƙe da demarer. Yana da nauyi, a tallabe shi kafin bulo na ƙarshe ya fita. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara ga jak kaɗai.

Ramin da demarer ya bari taga ce. A haska ciki, a juya inji a hankali, a duba haƙoran babban faifai zagaye guda. Inji mai silinda huɗu yakan tsaya a wurare biyu kusan kullum, don haka haƙoran wuraren ne ke fara cinyewa. In sun gutsure, sabon bendis ma ba zai daɗe ba.

Ba kowane demarer ne ya cancanci a yar ba. Masu gyaran wutar mota a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna buɗe shi, su sauya sarbon, ko zoben tagullar da sandar tsakiya ke juyawa ciki, ko solenoyid, da kuɗin da bai kai na sabo ba. Wanda wayoyin cikinsa suka ƙone, har ana jin ƙauri, shi ne ya gama aiki. Mai sayen wani, sabo ko na gwanjo, ya tafi da tsohon a hannu. A jera su biyu, a ƙirga haƙoran bendis, a dubi ramukan bulo, a karanta abin da aka rubuta a jiki, domin akwai motocin gazuwal masu aiki da bolt 24, kuma na 12 ba ya zama a madadinsu. Na gwanjo kada a biya sai an gwada shi da batir a gaban mai saye: bendis ya fito da ƙarfi, ya juya, ya koma.

Wajen ɗaurawa a goge fuskar da demarer ke zama, don ta jikinsa wuta ke komawa batir. Kada a cika wa bendis man giris. Ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama taɓo, ya maƙale. A ɗaure bulon sosai, a mai da wayoyi, wayar ragi ta batir ta zo a ƙarshe. In mota ta tashi, a sake aunawa: dinamo mai lafiya yana ba da wajen bolt 14. In bai kai ba, batir zai sake yin sanyi cikin ƴan kwanaki, a koma zargin demarer.

Abin da ya fi kashe demarer shi ne naci. An yi shi ne don aikin ɗan lokaci, ba shi da abin sanyaya shi. Bai kamata a riƙe kile fiye da sakan 10 zuwa 15 ba, sannan a ba shi hutu kamar na minti guda. Da sanyin Disamba da Janairu, motar gazuwal da bujin ɗumama injinta suka mutu takan sa direba ya yi ta ja har demarer ya yi hayaƙi, alhali bujin ne ke bukatar sauyi. Haka wanda gazuwal ya ƙare masa a hanya: iska ta shiga bututu, sai a fid da ita da famfon hannu da ke kan matatar mai kafin a taɓa kile. Da damina kuma, motar da ta ratsa ruwan Gulbin Maraɗi ko wata ƙorama takan kwaso laka a cikin demarer, don yana ƙasa-ƙasa. Irin wannan ya kamata a kwance shi a wanke, a busar, tun kafin tsatsa ta kama sarbon.