WAYAR HANNU TSAKANIN MAKARANTA DA IYAYEN YARA

Tun da aka soma ilmin boko, hanyar da makaranta ke bi ta sanar da iyaye halin 'ya'yansu ba ta wuce biyu ba, watau takardar sakamako ta ƙarshen zango da taron ƙungiyar iyaye da malamai. Duka biyun kuwa suna da aibi guda: labari yakan iso bayan ɓarna ta riga ta auku. Uban da ya ji a ƙarshen zango cewa ɗansa ya yi wata biyu yana fashin darasin lissafi, ba abin da ya rage masa sai faɗa. Ga shi kuma sau da yawa yaron ne da kansa ake ba saƙon ya kai gida, shi kuwa ba ya rasa dalilin ɓoye shi.

Wannan giɓi ne masana suka yi ƙoƙarin cikewa da wayar hannu. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, Peter Bergman da Eric Chan suka yi gwaji a makarantu 22 na gundumar Kanawha, a jihar West Virginia ta Amurka. Suka haɗa kundin kwamfuta na makarantun da na'urar aika saƙo, ta yadda duk mako iyaye za su sami gajeren saƙo a wayarsu mai bayyana darussan da yaro ya ƙaurace wa da ayyukan da bai yi ba. Faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, halartar aji kuma ta ƙaru. Saƙonni kimanin 32,000 da aka aika, kuɗinsu dalar Amurka 63 ne kacal. Abin lura a nan shi ne ba a yi wa iyayen wa'azi a kan amfanin ilmi ba. An dai gaya musu abin da ba su sani ba, a lokacin da sanin zai yi amfani.

To, sai dai wannan a ƙasar da kusan kowane uba yake iya karatu ne. Gwajin da ya fi dacewa da ƙasashen Afirka shi ne wanda aka yi a Botswana cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Wata ƙungiya mai suna Young 1ove, wadda daga baya ta koma Youth Impact, ta ɗauki gidaje kimanin 4,500 masu yara 'yan firamare, ta kasa su uku. Kashi na farko ba a yi musu kome ba. Na biyu ana aika musu 'yan tambayoyin lissafi a rubuce kowane mako. Na uku kuwa, ban da saƙon, sai a buga musu waya ta minti 15 zuwa 20. Mai koyarwa ya nemi uwa ko uba su kira yaron, a buɗe murya kowa yana ji, a warware lissafin tare.

Da aka auna yaran, sai aka tarar saƙon rubutu shi kaɗai bai kawo wani canji na a zo a gani ba. Waɗanda aka riƙa kira kuwa sun ci gaba a lissafi sosai, iyayensu kuma sun fi sanin ainihin matsayin 'ya'yansu. An buga wannan sakamako a mujallar Nature Human Behaviour a 2022, sa'an nan aka sake gwada dabarar a Indiya da Kenya da Nepal da Filifin da Yuganda.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Saƙo yakan shigo ya kwanta cikin tarin tallace-tallacen kamfanin waya, ba mai tambayar ko an karanta shi. Kira kuwa yana da lokaci, yana da muryar mutum, kuma mai koyarwa yana jin inda yaro ya kakare, ya sauko daidai da fahimtarsa. Uwar da ke zaune a gefe, ko da ba ta iya lissafin ba, ta ji da kunnenta cewa ɗanta bai iya rabawa ba tukuna.

Ma'aikacin ilmi a ƙasar Hausa yana da abin dubawa a nan. Iyaye da yawa ba su karanta boko, wasu ajami suka sani, kuma wayar gida sau da yawa tana aljihun maigida, wanda ya wuni a kasuwa ko gona, alhali uwa ce ke tare da yara. Makarantun birni da suka buɗe zauren WhatsApp sukan cika shi da sanarwar kuɗin makaranta da ranar hutu, cikin Turanci. Kafin a kashe kuɗi a kan manhaja, ya kamata makaranta ta san lambar wa ta rubuta, da harshen da za a yi magana, da lokacin da za a sami uwa da yaro wuri ɗaya, sa'an nan a ware wa malami kuɗin kira da sa'ar yinsa cikin lokacin aikinsa.