Taune-taune da farfaɗiya

A Yamai, in uwa ta tafi kasuwa, sau da yawa yaya ke riƙon ƙanensa. Shi ke fara ganin abin da ya sami yaron.

Wani lokaci yaro yakan sandare, idanunsa su kafe. Hannuwa da ƙafafu su riƙa fizga, kumfa ta fito masa a baki. Wannan shi ake ce wa taune-taune. Wani yaron kuwa ba ya faɗuwa. Sai ya yi zuru, a kira shi bai ji ba, jim kaɗan ya koma wasansa. Shi ma abin lura ne.

Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Zafin jiki yana kawo shi ga yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5. Zazzaɓin sauro na damina da sanƙarau na lokacin zafi su ma suna kawo shi. In yana dawowa ba tare da zazzaɓi ba, mai yiwuwa farfaɗiya ce. Ba aikin iskoki ba ne, ba a kuma ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki.

Yaya mai hankali ba ya gudu. Yakan janye ƙanensa daga wuta da ruwa, ya kwantar da shi ta gefe, ya kira manya. Ba a danne yaron. Ba a sa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa ko jiƙo. In abin ya wuce minti 5, sai a garzaya asibiti.

Ko yaron ya farfaɗo, a kai shi asibitin unguwa a ranar. In da bukata, daga can za a tura shi babban asibitin Yamai ko na Lamorde. Likita bai ga abin da idonsa ba, don haka zai tambayi yayan: yaushe ya fara? Minti nawa ya yi? Jikinsa da zafi?

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa in sun sami magani. Yaron da ke shan maganinsa yana zuwa lakwal tare da abokansa.

Tambayoyi
1. Me ke kawo taune-taune?
2. Waɗanne abubuwa ne ba a yi wa yaron?
3. Me yaya zai gaya wa likita?